Mayafin Gwaggo da Gonar Bakin Rafi

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta rasu a ƙarshen damunar da ta wuce, kuma bayan an yi addu'ar bakwai 'ya'yanta suka ba ni ɗaya daga cikin mayafanta domin in riƙa tunawa da ita. Fari ne mai kauri, ya sha wanki har gefensa ya fara zarewa, kuma har yau idan na buɗe shi ƙanshin turaren wutar ɗakinta nake ji. A kwanakin zaman makoki an yabe ta da abubuwa da yawa, amma yabon da ya fi yawo a bakin mutane shi ne na kamun kai da sutura. Wani dattijo cikin danginmu, da ya shigo yi wa mata gaisuwa, ya ce shekara sittin da ɗoriya suna gari ɗaya da ita, bai taɓa ganin ko idon sawunta a waje ba, sai ɗakin ya ɗauka da cewa Allah ya sa halinta na gari ya bi ta. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗin wannan shaida, domin shaidar da mutane suka yi wa mamaci tana da nauyi a wurin Allah. Sai dai ina zaune cikin matan nan hankalina yana wani wuri dabam, yana can gonar bakin rafi da kakanmu ya bari, wadda Gwaggo take da rabo a cikinta, har ta koma ga Ubangijinta ba ta taɓa riƙe ko taki ɗaya da sunanta ba.

Lokacin da kakanmu ya rasu, sama da shekara arba'in ke nan, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar, uku maza biyu mata, ya kuma bar gida da gonaki uku. Lissafin gadon ba mai wuya ba ne ga duk wanda ya zauna a gaban malami: a cire wa matarsa tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran a kasa shi takwas, kowane namiji ya ɗauki kashi biyu, kowace mace ta ɗauki kashi ɗaya. Abin da aka yi kuwa shi ne maza uku suka ɗauki gona ɗai-ɗai, aka ce wa matan gona ba ta mace ba ce, domin idan aka ba ta gidan wani za ta kai. Aka yi musu alkawarin buhun gero duk kaka, aka cika shekara huɗu ko biyar, daga nan abin ya bi ruwa. Da mijin Gwaggo ya rasu ya bar ta da yara shida, da tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa ta raine su. Na sha kwana a ɗakinta ina yarinya, ina jin ƙarar turminta tun kafin kiran assalatu, kuma na san yadda tafin hannunta ya yi kanta saboda zafin tunkuza. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, yana cikin waɗanda suka noma rabonta, wato ni ma da hatsin gonar nan aka ciyar da ni, kuma wannan ne ya sa maganar ta ƙi barina.

Ina so mai karatu ya san matsayina tun da wuri, domin a zamanin nan da zarar mace ta buɗe baki a kan haƙƙin mata sai a fara duban inda za a jingina ta. Ina sa hijabi tun ina 'yar aji uku a firamare, na yi imani cewa suturce jiki umarnin Allah ne da ya hau kan kowace Musulma baliga, ina koyar da haka a makarantar Islamiyya ta matan aure da nake zuwa bayan sallar isha'i, kuma 'ya'yana mata da shi suke fita. Abin da yake damuna shi ne yadda muka ɗauki umarni guda muka mai da shi ma'aunin darajar mace gaba ɗaya, muka yi shiru a kan sauran umarnin da suka sauko a Littafi ɗaya ta bakin Manzo ɗaya, musamman waɗanda cika su zai taɓa aljihun namiji ko gonarsa.

Ayar da kowa ya sani a kan sutura tana cikin Suratun Nur, aya ta 31, inda aka umarci mata muminai su runtse ganinsu, su tsare farjinsu, kada su bayyana adonsu sai abin da ya bayyana daga gare shi, kuma su ɗora mayafansu a kan wuyan rigunansu. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labari cewa da ayar ta sauka matan Muhajirai na farko yage zannuwansu suka yi suka lulluɓa da su nan take, ba su jira an je kasuwa ba. Amma kafin wannan aya akwai ta 30, kuma da maza aka fara: a ce wa muminai maza su runtse ganinsu, su tsare farjinsu. Na daɗe ina lura cewa a wa'azin da nake ji a rediyo da wanda ake turowa a waya, ayar mata tana samun sa'a guda ana fashin baƙinta, ta maza kuwa a wuce ta cikin numfashi ɗaya. Alhali kuwa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna a aikace inda ake fara gyara. A Hajjin Bankwana yana goye da ɗan baffansa Fadlu ɗan Abbas a bayan abin hawansa, sai wata mace daga ƙabilar Khas'am ta zo tana tambaya ko za ta iya yi wa mahaifinta aikin hajji, saboda tsufa ya hana shi zama daram a kan raƙumi. Fadlu saurayi ne, ya kafa mata ido, sai Annabi ya sa hannu ya juyar da fuskarsa zuwa ɗaya ɓangaren, sannan ya amsa wa matar tambayarta cewa ta yi masa. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan hadisi. Matar ta tafi da amsarta, saurayin ya tafi da tarbiyyarsa.

Na tuna da wannan hadisi wata ranar Laraba da yamma a cikin adaidaita sahu. Akwai wata yarinya a gefena, ba za ta wuce shekara goma sha shida ba, hijabinta ruwan toka har ƙasa, ta rungume jakar littattafai a ƙirji. Muna tsaye a cunkoso wasu samari biyu a kan babur suka matso, suka yi ta jefo mata maganganun da ba zan iya rubutawa ba, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, hannunta yana rawa. Da na yi musu magana, ɗayan ya ce mini, "Hajiya, ai su ne suke jawo mu." Na dubi yarinyar daga sama har ƙasa, ban ga abin da ya rage ta rufe ba sai fuska da tafin hannu, waɗanda a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta ba sa cikin al'aura. Yaron nan ba daga sama ya samo wannan magana ba. Ya taso ne yana jin cewa duk fitinar da ta auku tsakanin namiji da mace daga tufafin mace ta taso, ba a taɓa zaunar da shi an karanta masa ayar da ta sauko dominsa ba.

Aya ta biyu tana cikin Suratul Ahzab, ta 59, inda aka ce wa Annabi ya gaya wa matansa da 'ya'yansa mata da matan muminai su kusanto da manyan mayafansu a jikinsu, kuma aka faɗi dalili a fili: domin a gane su, kada a cutar da su. Wanda ya yi tunani a kan wannan dalili zai ga cewa maganar mace ce da take kan hanya, a cikin mutane, domin wadda take cikin ɗakinta ba ta da buƙatar a gane ta. Hadisin Ummu Aɗiyya ya ƙara fito da wannan. Ta ce Annabi ya umarce su su fito da mata ranar idi, har da 'yan mata da masu haila, domin su halarci alheri da addu'ar Musulmi, sai dai masu haila su nisanci wurin sallar. Da aka ce masa wata ba ta da mayafin fita, bai ce to ta zauna a gida ba, cewa ya yi 'yar'uwarta ta lulluɓa mata nata. Mayafi a wannan hadisi tufar fita ce, ita ce take kai mace filin idi da masallaci da majalisin karatu. Matan Madina da suke lulluɓe su ne suka je suka ce wa Annabi maza sun rinjaye su a wurinsa, ya ware musu rana tasu, kuma ya ware. Su ne Nana A'isha ta yaba da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. A cikinsu akwai Khaula 'yar Sa'alaba, wadda ta tsaya tana jayayya da Annabi a kan abin da mijinta ya yi mata, Allah ya ji ƙararta ya saukar da farkon sura ta 58, wadda har yau sunanta Mujadala.

A ƙasarmu ma, hijabin da muke gani yau da aikin buɗe ƙofa ya shigo, kodayake yaran yanzu suna zaton da shi aka haifi kakanninsu. Kakata ba ta taɓa sa ɗinkakken hijabi ba har ta bar duniya. Zane take ɗaurawa, ta ɗaura kallabi, sannan ta ɗauko wani zanen ta yi lulluɓi, kuma unguwa sai bayan magariba, da yaro a gaba yana riƙe da fitila. Iyayenmu suka zo da gyale. Hijabi mai zagayen fuska ya yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin na 1980, lokacin da zuwa Makka ya yawaita, ɗalibai Musulmi mata a makarantun gaba da sakandare suka rungume shi, kuma ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta dage a kan makarantun Islamiyya na matan aure. Ko mutum yana tare da Izala ko yana ɗariƙa, ba zai musanta cewa wannan gasa ta buɗe makarantu ta amfani mata ba, domin daga baya kowane ɓangare ya buɗe nasa. A 1985 aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, a Minna, Hajiya Aisha Lemu ta zama amirarta ta farko, mata masu ilimi suka fara magana da muryarsu a kan karatun 'ya'ya mata da lafiyar masu haihuwa. Na san mata da dama a ajina waɗanda mazajensu ba za su taɓa barin su taka ƙofar gida ba in ba don sun ga sun zura hijabi sun ɗauki Ƙur'ani ba. Akwai wadda ta shigo ajin tana da jikoki, ba ta iya haɗa baƙi ba, yau ita take ja wa ƙananan aji karatu idan malamarsu ba ta zo ba.

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma ba sai mun tsallaka teku mun aro ta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun yana yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara kafin jihadin 1804, yana barin mata su halarci majalisinsa, a ware musu gefe guda. Wani malamin Barno da ake kira Mustafa Goni ya soke shi a kan haka cikin baitoci, Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, kuma jigon amsar shi ne barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu muni. A littafinsa Nurul Albab, Shehu ya zargi malaman zamaninsa da suke tara ɗalibai a zaure safe da yamma amma suka bar matansu da 'ya'yansu mata a cikin gida kamar dabbobi, ba su koya musu ko hukuncin alwala da salla ba. Ya kuma ja kunnen mata Musulmi kada su saurari masu yi musu wa'azin biyayya ga miji kaɗai ba tare da sun umarce su da biyayya ga Allah da Manzonsa ba. Duk lokacin da na karanta wa ɗalibaina wannan wuri sai ajin ya yi tsit, wata rana har wata ta tambaye ni ko da gaske Shehu Mujaddadi ne ya rubuta.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ce ta mai da maganar mahaifinta aiki. Ta haddace Ƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Waziri Giɗaɗo, kuma ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana ganin girman iliminta. Da ta ga matan ƙauye suna nesa da karatu, kuma matan aure masu ƙuruciya ba sa iya barin gidajensu, sai ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane gari dattijuwa mai hankali da amana takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata ƙanana su taho wurinta a ƙafa, su koyi waƙoƙin da ta tsara a kan tauhidi da salla da tarihin Annabi da kyawawan halaye, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Wannan jagora ita ake kira jaji, kuma abin da ya fi burge ni shi ne alamar da Nana take ba ta, wato malfa, a naɗe ta da jan rawani. Malfa a Gobir alama ce ta Inna, shugabar bori, sai Nana ta ɗauke ta ta ɗora a kan malamar addini, ta yadda duk wanda ya hango ayarin matan nan a hanya ya san masu neman ilimi ne, ya ba su hanya. Ga sutura da ta yi aikin da ayar Ahzab ta faɗa: an gane su, ba a cutar da su ba. Na taɓa zuwa Hubbare a Sakkwato, inda kabarinta yake kusa da na mahaifinta, na tarar da mata daga ƙauyuka zaune a harabar da ƙullin kayansu, na daɗe ina kallonsu ina tunanin ƙafafun da suka tako wannan hanya shekara kusan ɗari biyu da suka wuce.

Idan aka taɓa hijabi daga waje, al'ummarmu ta iya tashi tsaye, kuma ina alfahari da haka. A watan Disamba na 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren da ake rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire ɗan ƙaramin hijabin da yake ƙarƙashin hular lauyoyi, ta haƙura da rantsuwar ranar, ƙasa ta ɗauka, har aka rantsar da ita da hijabinta a watan Yuli na 2018. Shari'ar 'yan makarantar Legas ta fi wannan tsawo: babbar kotun jiha ta goyi bayan hana hijabi a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2016, sannan a ranar 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar cikin bakwai, ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar. Ranar na yi sujadar godiya, domin na san abin da 'yan'uwanmu suke sha a Faransa tun dokar 2004 da ta hana shi a makarantun gwamnati. Amma da na ga yadda aka yi ta murna a masallatai da Facebook, sai na yi fatan a ce rabin wannan kishi ya juyo cikin gida, ya tsaya wa gwauruwar da 'yan'uwan mijinta suka kwashe takardun fili tun ba ta fita takaba ba.

Domin kuwa irin abin da aka yi wa Gwaggo ya taɓa faruwa a Madina, kuma an san hukuncin da aka yanke. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi shahada a yaƙin Uhudu ya bar mace da 'ya'ya mata biyu, sai ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar duka bisa al'adar Larabawa ta cewa mace ba ta gado. Matar ta kamo hannun yaran ta kawo su gaban Annabi ta kai ƙara. Ayar gado ta sauka, Annabi ya aika wa baffan yaran cewa ya ba su kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, abin da ya rage shi ne nasa. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce mata suna da rabo daga abin da iyaye da dangi suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke, kuma ba ta ware gona ko gida ba. Bayan an gama jera rabe-raben a aya ta 11 da ta 12, sai aka ce waɗannan iyakokin Allah ne, aka yi wa mai kiyaye su alkawarin Aljanna, aka yi wa mai ƙetare su gargaɗin wuta. Wannan gargaɗi a jikin ayoyin gado yake manne, amma sau nawa muka ji an tsaya a kansa a huɗubar Juma'a?

Haka abin yake a sauran wurare. Sadaki, aya ta 4 ta wannan sura ta ce a ba mata kyauta da daɗin rai, amma akwai gidajen da amarya ba ta ko ganin kuɗin, an narkar da su cikin kayan ɗaki da gara. Yardar mace a aure, Khansa'u 'yar Khizam ta kai ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi ya warware auren. Wanda ya fi ci mini rai shi ne idda. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya ce kada a fitar da matan da aka saka daga gidajensu, kuma kada su fita, ciyarwa da mazauni suna kan miji har idda ta cika, kuma hikimar a fili take, wataƙila zukata su huce a mai da aure. A wurinmu kuwa takarda ake miƙa wa mace da dare, ta zura hijabinta, ta goya jariri, ta kama hanyar gidan iyayenta, kuma duk unguwa babu mai ganin an saɓa wa aya. Da a ce ba mayafi ta fito, da kafin gari ya waye labarin ya zaga gari.

Na san amsar da wasu za su bayar, cewa ai namiji aka ba kashi biyu saboda nauyin ciyarwa yana wuyansa. Haka ne, kuma na gamsu da wannan hikima, domin abin da mace ta gada nata ne ita kaɗai, ba a ɗora mata ciyar da kowa daga ciki ba. Sai dai wanda ya karɓi kashi biyu da hujjar ɗaukar nauyi, sannan ya haɗa da kashin 'yar'uwarsa, sannan ya bar ta tana matsar mai domin ta ciyar da marayu, ya rushe hujjar da bakinsa ya kafa.

Mu ma mata muna da namu. Ina ganin yadda ɗinkin zamani yake cin ma'anar sutura, a sa abaya mai kama jiki ko mayafi shara-shara wanda bai rufe komai ba, kuma ina gaya wa 'yan matan da nake koyarwa sharuɗɗan da malamai suka faɗa, cewa tufa ta rufe, ta yi kauri, ta yi yalwa. Ina kuma ganin wata cuta a ɗaya gefen, inda mai dogon hijabi take yi wa mai gyale kallon wadda ta riga ta halaka, mai niƙabi kuma take yi wa mai hijabi irin wannan kallo, har a kai ga ba a amsa sallamar juna da sakin fuska. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Abin da shekarun koyarwa suka nuna mini shi ne yarinyar da aka zaunar aka karanta mata ayar, aka faɗa mata dalili, aka nuna mata cewa Ubangijin da ya ce ta rufe jikinta shi ne ya ba ta gado da sadaki da ikon cewa ba ta so, ita ce take riƙe hijabinta ko ta je inda babu wanda ya san ta. Wadda aka tsorata da bulala da gorin unguwa kawai, ita ce take ninke shi a jaka da zarar mota ta bar gari.

Bayan arba'in ɗin Gwaggo na shirya na je gaida Baffa, wanda shi kaɗai ya rage cikin mazan uku, ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Na same shi a zaure a kan buzu, na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa maganar amfanin gona da ciwon ƙafarsa, sannan na ce, "Baffa, ina da magana, amma ina jin nauyi." Ya ce, "Faɗi, uwata," domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Na ce, "Maganar gonakin Malam ce, da rabon su Gwaggo." Ya yi shiru har na zaci ransa ya ɓaci, yana ta jan carbinsa, can ya ce, "Haka muka tarar ana yi, kuma ita ba ta taɓa tambaya ba." Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa, kunya ce ta hana ta, kuma kunyar nan ita aka yi ta yabo a zaman makoki. Tsorona shi ne ranar da za ta tambaya a inda babu gona, ga Baba yana kwance, shi ba ya da bakin gyarawa sai mu." Sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce in kira masa yayana da 'ya'yan marigayi babban wansu, kuma a nemo malamin da ya san rabon gado, domin lissafin ya hau kan lissafi tun da kakata ma ta rasu, haka magada uku.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu ya riga ya sayar da wani yanki na tasu gonar, wani kuma ya aiko mini cewa ina tono abin da ƙasa ta rufe. Ƙaramar gwaggonmu, wadda take da rai, da aka gaya mata sai ta ce ita ta yafe, amma malamin ya ce a fara auna mata rabonta a nuna mata iyakarsa, ta riƙe a hannunta, sannan idan ta ga dama ta bayar. An sa rana bayan an gama girbin dawa, za a je da igiya da shaidu a fara da gonar bakin rafi. Babbar 'yar Gwaggo ta ce za ta je ta tsaya a wurin awon a madadin ƙannenta, ta kuma roƙe ni in ara mata farin mayafin nan ta yafa ranar, na wanke shi na goge na ajiye mata.